Mai Sarrafa Sauti da Malamin Jami'a: Sana'a Ɗaya da Muka Raba Biyu

A ƙauyen manoma irin Kwanyawa ta ƙasar Karaye, da garuruwan Rogo da ke maƙwabtaka da ita, mafi yawan abin da ke iso wa mutum daga waje ta kunne yake shiga. Tafsirin azumi, sanarwar rigakafi, labaran safe, farashin taki, sabuwar waƙar biki, duk ta rediyo ko ta waya suke zuwa, wasu kuma a memori ake turo su wurin mai cajin waya. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya bi ta hannun wani da ya kafa makirfo, ya naɗi murya, ya tace ta, ya rage mata nauyi don ta shiga ƙaramar waya. Wannan mutumin shi ne ke yanke ko za a ji magana tangaran ko za a ji ta kamar daga cikin rijiya, amma da wuya ka tarar wata makaranta ce ta koya masa aikin. A ɗaya ɓangaren kuma ga malamin jami'a da ilimi fal a ƙirjinsa, wanda in aka ce ya mayar da darasinsa sauti don wanda ke nesa ya amfana, sai ya dangwarar da waya a kan tebur ya yi ta magana. Ra'ayina shi ne waɗannan mutane biyu rabi da rabi ne na sana'a guda, kuma lokaci ya yi da jami'o'in ƙasar Hausa za su yi wa wannan sana'a gurbi, su horar da mutumin da ya iya tsara sauti da na'ura ya kuma iya koyarwa da ita.

Sana'ar tana da tarihi, kuma ɗan Afirka na cikin waɗanda suka share mata hanya. A 1944 wani ɗalibin aikin gona a birnin Alƙahira, Halim El-Dabh, ya ari na'urar naɗar sauti ta wancan zamani, mai naɗewa a kan siririyar wayar ƙarfe, ya je inda mata ke bikin zar, wanda ya yi kama da borinmu, ya naɗi muryoyinsu. Da ya je wani gidan rediyo sai ya shiga sarrafa abin da ya naɗo. Ya ƙara masa amsa-kuwwa, ya danne wasu sassan muryar ya fito da wasu, har abin ya tashi daga rahoton biki ya zama sabon aiki na kansa. Abin da ake nufi da tsara kiɗa ta na'ura ke nan. Mai aikin yana ɗaukar sautin duniya, ko ya ƙirƙiro wanda babu shi da wutar lantarki, ya yanka, ya ja, ya juya, ya jera, kuma lasifika ce ke fitar da aikin maimakon hannun makaɗi a fili. Shekara huɗu bayan haka, a 1948, Pierre Schaeffer ya yi irin wannan a gidan rediyon Faransa da ƙarar jiragen ƙasa, kuma shi ne Turai ta fi sani. El-Dabh kuwa ya wuce Amurka, ya yi aiki a cibiyar kiɗan na'ura ta jami'o'in Columbia da Princeton a ƙarshen shekarun 1950, ya koyar a Addis Ababa, sannan ya daɗe yana koyar da kiɗa da nazarin Afirka a jami'ar Kent ta jihar Ohio. Ya rasu a 2017 yana da shekara 96.

Abin lura shi ne yadda wannan fanni ya girma a cikin jami'a, kafaɗa da kafaɗa da koyarwa. Na'urorin farko suna da tsada ƙwarai, galibi gidajen rediyo da jami'o'i ne ke iya mallakarsu, don haka mai tsara kiɗan ya zama malami ko ya so ko bai so ba. A kwalejin Dartmouth, Jon Appleton da abokan aikinsa injiniyoyi sun haɗa na'urar da ɗalibai za su riƙa horar da kunnensu da ita a shekarun 1970, daga wannan aiki ne aka samu na'urar Synclavier, wadda manyan sutudiyoyin duniya suka yi rububinta daga baya. A jami'ar Stanford, John Chowning ya gano a 1967 wata hanyar lissafi ta samar da sautuka masu kama da ƙararrawa da ƙaho daga kwamfuta. Kamfanonin Amurka ba su ga amfaninta ba, kamfanin Yamaha na Japan ne ya sayi izinin aiki da ita, ya fitar da fiyanon DX7 a 1983, kuma kuɗin wannan izini ya zama ɗaya daga cikin mafi tsoka da jami'ar ta samu daga binciken malamanta a wancan zamani. Wato aikin da malamin kiɗa ya yi a ɗakin bincike ya ciyar da jami'arsa, ya kuma taimaka wajen sa fiyanon lantarki ya yi arahar da zai kai kasuwannin duniya.

Ta fiyanon lantarkin nan wannan fanni ya shigo mana. A Nijar, Mamman Sani, wanda malamin makaranta ne kafin ya yi aiki da UNESCO, ya sayo fiyanon lantarki ƙirar Italiya, ya fitar da kaset a 1978 inda ya zuba karin waƙoƙin gargajiyar ƙasar a cikin na'ura, kuma gidajen rediyo da talabijin na Yamai sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. A Kano kuwa fim ne ya jawo shi. Bayan Turmin Danya na 1990, masu shirya fim sun buƙaci kiɗa mai arha da za a iya yi a ɗaki ɗaya, sai fiyanon Yamaha ya shiga sutudiyoyi a tsakiyar shekarun 1990, Iyan-Tama na cikin na farko-farko. Da Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta game gari, aka tabbatar mutum ɗaya da fiyano zai iya tsayawa a madadin ƙungiyar makaɗa. Daga baya kwamfuta da manhajar FL Studio suka karɓi ragamar, aka ƙara da na'urar gyaran murya da ta ba waƙoƙin nanaye wannan sautin da kowa ya sani. Yau dubban matasa ne ke ci da wannan sana'a, daga Kano da Kaduna da Jos har Maraɗi da Damagaram, kuma sun gina ta ba tare da tallafin kowa ba. Wannan abin a yaba ne.

Sai dai akwai abin da ya zube a hanya, kuma a kalangu ya fi fitowa fili. Makaɗin kalangu yana rataye shi a hammata, yana matse tsarkiyoyin da suka haɗa fatun biyu da damtsensa. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Yana iya bugu ɗaya ya matse a tsakiyar amon, sautin ya lanƙwashe ya tashi kamar mai tambaya. Da wannan hawa da sauka yake bin karin harshen Hausa har mahauci ya ji takensa ya gane da shi ake. Fiyanon da aka ƙera a Japan kuwa an raba masa sauti matakai 12 daidai wa daida, kuma abin da ke cikinsa mai kama da kalangu bugu ɗaya ne da aka naɗa aka ajiye, kullum in ka taɓa shi haka zai fito, ba lanƙwasa ba magana. Haka kukuma da goge, waɗanda mai su ke ɗaure wa tsirkiya gwargwadon muryarsa da kunnensa, ba gwargwadon ma'aunin Turai ba. Saurayin da ya tashi da fiyano kawai kunnensa kan saba da waɗannan matakai 12, har ya riƙa jin garaya ko gurmi kamar ba su daidaita ba, alhali a kan nasu ma'aunin suke. Gyaran wannan ba ya buƙatar a jefar da kwamfuta. Yana buƙatar wanda zai zauna da makaɗin kalangu ya naɗi kowane irin bugu da kowace irin matsa, ya auna hawan sautin, ya rubuta manhajar da za ta ba mai sutudiyo damar lanƙwasa amon yadda damtse ke yi. Wannan aikin bincike ne na shekaru, kuma kasuwar da ake biyan mutum waƙa-waƙa ba za ta ɗauki nauyinsa ba.

A nan ne ya kamata jami'a ta shigo, amma jami'o'inmu sun ɗauki rabin waƙa sun bar rabi. Sun yi wa kalmomi hidima ta gaske. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a jami'ar Indiana a 1975, jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na jami'ar Bayero ya shafe rayuwarsa yana tattara waƙoƙin baka da tarihin makaɗa yana shimfiɗa hanyar nazarinsu. Ɗalibi a sashen Hausa zai iya feɗe maka turken waƙar Ɗanƙwairo da salonta da adon harshenta. Amma ka tambaye shi yadda kotso ke amsa wa jagora, ko a wane mataki 'yan amshi ke karɓa, ko me ya bambanta amon taushi da na jauje, sai ka ga ba a ba shi kayan aikin amsawa ba. Littafin da ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallinsu, wanda har yau ake komawa gare shi, David Ames da Anthony King ne suka wallafa shi a 1971, kuma sautukan da Ames ya naɗa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960 a Turai aka buga su a faifai. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. Mu a nan waƙa ta zama adabi a takarda, sauti kuma aka bar wa kasuwa.

Mutumin da ya fi kusa da haɗa ɓangarorin nan a ƙasar Hausa shi ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na jami'ar Bayero. Da ilimin koyar da kimiyya ya fara, ya yi digiri na uku a jami'ar Sussex a 1988, ya zama farfesa a wannan fanni a 1997, sannan ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012. Tun a shekarun 1990 ya damu da yadda kwamfuta za ta rubuta haruffanmu masu lanƙwasa, ya kuma samar da zubin haruffa don haka. Yana cikin waɗanda suka shirya taron farko na nazarin finafinan Hausa a Kano a 2003, ya yi rubuce-rubuce a kan yadda fiyanon Yamaha ya sauya kiɗan Hausa, ya kuma shirya tarukan da suka haɗa makaɗan gargajiya da matasan mawaƙa a dandamali ɗaya. Daga 2016 zuwa 2021 ya shugabanci jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, wadda ɗalibanta ba sa zama gaban malami kullum, ta littafi da intanet karatu ke isa gare su. Shi manazarci ne, ba mai tsara kiɗa ba, kuma wannan ma hujja ce a kan abin da nake faɗa. Hanyar da ya bi ta nuna cewa fasahar koyarwa da sanin sautin al'umma suna zama a kai ɗaya su ƙarfafi juna, amma sai da ya ratsa fannoni biyu da ƙoƙarin kansa kafin ya isa can. Wanda zai biyo bayansa da hannun da ya iya na'ura bai kamata ya rasa sashen da zai karɓe shi ba.

Me ya haɗa wannan da koyarwa? Duba yadda ake naɗar darasi a yawancin makarantunmu. Aji ne mai daɓen siminti da rufin kwano, malami na nesa da waya taku uku, fanka na juyawa, janareta na ruri a bayan taga. Muryar tana dukan bango ta dawo ta hau kan kanta, ƙarshen kalmomi ya narke. A tura wannan ta WhatsApp, manhajar ta ƙara matse shi, sannan ɗalibi ya saurara ta lasifikar ƙaramar waya wadda ba ta fitar da kaurin murya. Kafin minti goma kansa ya ɗau zafi, ya kashe, ya ce karatun ne ke da wuya. Wanda ya san sauti zai matso da makirfo tazarar taƙi ɗaya daga baki, ya rataya barguna ko tabarmi a bango su shanye amsa-kuwwa, ya yanke rurin janareta da matata, ya daidaita ƙarfin murya daga farko zuwa ƙarshe, ya gwada sakamakon a irin wayar da ɗalibin ke riƙe da ita. Fiye da haka, zai san inda za a yi shiru don mai sauraro ya ba da amsa da bakinsa, da inda za a canja murya don kada hankali ya gudu, da tsawon da kunne ke iya ɗauka kafin ya gaji. Wannan ilimin jera sauti a cikin lokaci ne, shi ne kuma ainihin abin da mai tsara kiɗa ya ƙware a kai. Ga Hausa abin ya fi muhimmanci, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kunne ne ke raba su.

Buƙatar ba sabuwa ba ce. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna wadda aka kafa a 1976 ta daɗe tana koyarwa daga nesa, hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta daɗe tana amfani da rediyo, kuma da annobar korona ta rufe makarantu a 2020 rediyo da talabijin aka koma wa a Kano. Yaron da ke Kwanyawa ko Rogo a lokacin, wanda babu kwamfuta a gidansu, rediyon ce ajinsa. Kafin duk wannan ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ilimi a waƙe ta ba matan da ake kira jaji su kai wa matan ƙauyuka, domin ta san abin da aka rera ya fi zama a ƙwaƙwalwa. Har yau da rauji yaran Islamiyya ke haddace darasi. Al'ummar da ta san wannan tun ƙarni biyu da suka wuce bai dace a ce ba ta da ƙwararrun da za su yi shi da kayan zamani ba.

Za a ce, kuma da gaskiyar masu cewa, kiɗa abu ne da malamai suka yi saɓani a kansa, sannan a al'adance makaɗi maroƙi ne, ba kowane uba zai so ɗansa ya je jami'a ya dawo da wannan suna ba. Ban raina wannan damuwa ba, kuma ba aikin wannan rubutu ba ne ya yanke hukuncin da malamai suka daɗe suna tattaunawa. Amma a lura cewa sanin sauti ya fi kiɗa faɗi nesa ba kusa ba. Masallacin Juma'ar da sahun baya ba sa jin huɗuba saboda an kafa lasifikoki suna karo da juna yana buƙatar wannan mutum. Kasakasan tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ke lalacewa a akwatuna zafi da ƙura na cin su, suna buƙatar wanda zai kwashe su zuwa kwamfuta ya share musu shuu ba tare da ya taɓa muryar malamin ba. Makaho mai son karatu yana buƙatar littafi a sauti. Ɗalibin da ba ya son taɓa kayan kiɗa zai iya gama wannan fanni bai rasa aikin yi ba. Wanda kuma ya zaɓi kiɗan, ai yana nan yana yi tun tuni, abin da ya rage shi ne ko zai yi da ilimi ko da lalube.

Wasu kuma za su ce yaran sutudiyo sun koya a hannun iyayen gidansu sun kuma yi nasara, me jami'a za ta ƙara musu ban da takarda? In dai jami'a za ta tsaya karanta musu tarihi ne a allo, gara su zauna inda suke. Koyon hannu da hannu yana ba da sauri da sanin abin da jama'a ke so, kuma duk sashen da za a buɗe dole ya jawo ƙwararrun kasuwar nan su koyar a cikinsa, ko suna da digiri ko ba su da shi, kamar yadda dole ya jawo makaɗan kalangu da na garaya. Abin da kasuwa ba ta bayarwa shi ne lokacin gwaji da damar yin abin da ba za a saya gobe ba. Mai sutudiyo da ke jiran kuɗin waƙar siyasa ba zai kwashe kayansa ya tafi bakin madatsar Challawa ya naɗi amon masunta da injinan ban-ruwa ba, ba zai bi mata ya naɗi lugude da waƙar daɓe ba, ba zai jira damina don gangar noma a wurin gayya ba. Waɗannan sautuka suna raguwa, injin niƙa ya karɓe aikin dutse, siminti ya karɓe na daɓe. Su ne kuma kayan da sabon kiɗa mai kama da mu zai fito daga cikinsu, kamar yadda El-Dabh ya samo nasa a bikin matan unguwa.

Maganar kuɗi ita ce mafi sauƙin amsawa. Zamanin da sai jami'a mai arziki ke iya wannan ya wuce. Kwamfutar tafi-da-gidanka, makirfo biyu masu kyau, na'urar naɗa ta hannu, ɗaki mai kaurin bango da faifan sola sun isa a fara. Manhajoji irin su Audacity da Pure Data kyauta ake sauke su, kuma Pure Data ɗin malamin jami'a ne, Miller Puckette, ya rubuta ta a shekarun 1990. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa da gidan rediyonta, ga sashen wasan kwaikwayo a Zariya, ga kwalejojin ilimi a Bichi da Kano da ke yaye malaman firamare. Yamai ma tana da cibiyar koyar da kiɗa ta Taya tun 1989, wadda za a iya haɗa hannu da ita.

Wahalar gaske tana wurare biyu. Na farko tsarin ƙarin girma a jami'a, wanda maƙalar da aka buga a mujalla ya fi sani. Malamin da ya shafe shekara biyu yana gina taskar sautin kalangu, ko ya tsara darussan lissafi 40 a rediyo da Hausa, zai iya zuwa gaban kwamiti a ce masa bai wallafa komai ba. Muddin ba a ƙirga irin wannan aiki a matsayin bincike ba, duk mai basira zai bar shi ya koma rubuta takardu, ko ya bar jami'ar ya koma kasuwa. Na biyu haƙƙin waɗanda za a naɗa. In aka ɗauki bugun wani makaɗi na ƙauyen Karaye aka zuba a manhaja, sutudiyoyi ɗari suka yi ta amfani da shi, an ƙara rage masa gayyatar biki ke nan da hannunsa. Ya zama wajibi sunansa ya bi sautin duk inda ya je, a rubuta yarjejeniya da Hausa a karanta masa ya fahimta, a biya shi ranar naɗa, kuma in taskar ta kawo kuɗi ya samu kasonsa. Haka matan da za a naɗi waƙar aikinsu, sai da izininsu da na gidajensu, su kuma san inda muryar tasu za ta je. Ɗaliban farko da za a ɗauka a wannan fanni ya kamata a koya musu rubuta wannan yarjejeniya a zangon da za a koya musu kafa makirfo.